Kurtu ba jaki ba ne

 

Yau maganar soja na zo da ita. Na san wani zai ce: mi ya haɗa malamin yaƙi da jahilci da bariki? Kai da alli anka san ka, ba da bindiga ba. To, ku yi haƙuri ku ji. Samarin da ake ɗauka soja ba daga sama suke faɗowa ba. Ɗiyanmu ne, ƙannenmu ne. Daga gonakinmu suke tashi. Wasunsu ma bisa tabarmar ajina sunka zamna, sunka fara riƙon alƙalami. Saboda haka ina da bakin magana.

Akwai wata magana da ke yawo cikin garuruwanmu. Ana yin ta gindin icce, ana yin ta wurin mai shayi, ana yin ta bakin masallaci bayan la'asar. Cewa ake: "Bugu ke yin soja." In yaro ya zo hutu daga bariki ya ba da labarin marin da ya sha, sai a fashe da dariya. Wani ya ce madalla, yanzu ya zama namiji. Wani ya ce nawa ma can zan kai shi su gyara mini shi. Ni kuwa na ce maganar nan ƙarya ce. Ƙarya ce mai tsada kuma, don mu ke biyan kuɗinta.

Kafin ku ce malam ya cika tausayi, bari in faɗa muku abin da sabon soja, wanda ake ce ma kurtu, ke tararwa kwanakinsa na farko.

Da farko lokotoro ne. A auna tsawonka, a auna nauyinka, a duba ido, a duba haƙori, a duba ƙirji da ƙafa. Waɗanda sunka tsallake, a zuba su cikin kamiyo, sai wurin horo. Wanda anka fi sani shi ne Tondibiya, can bakin kogin Isa kusa da Yamai. Sunan na Zabarmanci ne, ma'anarsa baƙin dutse. Da saukarka, aski. Kai duka, ƙwal. Mai gashin gayu da marar shi, ɗan sarki da ɗan talaka, duk kai iri ɗaya. Rigar gida a naɗe ta a aje. A ba ka kaki, a ba ka manyan takalma, a ba ka kwano da bargo, a yi maka allurar rigakafi. Sa'an nan a ba ka lamba. Lambar nan ita ce sabon sunanka cikin takardun gomnati.

Tun kafin asuba an busa. Tashi, gyaran shimfiɗa, shara, gudu. Ƙafar da ta saba da takalmin taya sai ga ta cikin fata mai nauyi. Kwana 2 ta yi bororo, bororo ya fashe, a sake sa takalmi bisa ciwon. Cikin da ya saba da fura da hantsi sai ya jira lokacin da anka yanka. Ba ka ci sai an ce ci, ba ka zamna sai an ce zamna. Ba fita gari. Ba ganin uwa. Ranar watan 4 in ta tsaya bisa kai, awon zafi na wuce 40, kai kuwa kana tsaye cikin layi kamar turke. Da dare ga gadi. Wanda bai taɓa kwana wajen garinsu ba, ya juya fuska ga bango ya yi hawayensa a ɓoye, ba wanda ya sani.

Duk wannan ban yi faɗa da shi ba. Ko ɗaya. Kowane da dalilinsa. Aski na korar ƙwarƙwata, yana kuma rage girman kai. Gudu na buɗe ƙirji, don ran da za a yi tafiyar kilomita 20 da kaya a baya ba ranar koyon gudu ba ce. Ba a fafe gora ranar tafiya. Takalmin da ya ci ƙafarka cikin bariki ya fi wanda zai ci ta cikin daji. Maci kuwa, taki guda a maimaita shi sau 100, don mutum 30 su zama kamar jiki guda, su ji umurni guda su motsa tare ba gardama. Wanda ya taɓa zuwa gayya ya san wannan. In hauya 30 sunka sauka tare bisa kiɗin ganga, gona ba ta daɗewa.

Ɗan ƙauye kuwa ba raggo ba ne. Wanda ya yi noma cikin azumi, ya ja guga daga rijiya mai gaba 30, wuyar bariki ba ta kashe shi. A nan ya fi ɗan birni.

Amma wahala daban, wulaƙanci daban. Wahala tana da abin da take koyarwa. Ku gaya mini abin da mari ke koyarwa.

Samari 2 na garinmu anka ɗauka shekara guda. Ba zan faɗi sunansu ba. Barikin da anka kai su ba Tondibiya ba ne, wani wuri ne, shi ma sunansa ba shi ne magana ba. Ɗayan ya yi rani 2 cikin ajina. Yana karanta Hausa, yana rubuta ta, ya san lissafi har dubu. Ɗayan kuwa ubansa ya hana shi zuwa, ya ce karatun dare aikin marasa abin yi ne. Shi ne ya fi ƙarfi. Ɗan kokowa ne, ya ka da maza a dandali.

Ran da anka fara maci, kafaral ya tsaya ya daka tsawa da Faransanci: "A gosh!" Kowa ya juya hagu, ɗan kokowa ya juya dama, sunka yi karo da na kusa da shi. Mari. Anka sake. "A durwat!" Ya tuna inda ya juya ya sha mari, sai ya juya hagu. Mari kuma, bisa kunne guda. Anka fid da shi daga layi, tsallen kwaɗo, birgima cikin ƙasa, ƴan'uwansa na kallo. Anka sa mishi suna jaki. Kwana 3 ana haka. Cikin kwana 3 ɗin nan ba wanda ya tsaya ya ce mishi: gosh hagu ke nan, durwat dama ke nan. Kafaral ɗin kuwa yana jin Hausa sarai, don da Hausa yake zaginsa.

Ɗalibina shi ma bai san Faransanci ba. Amma yana da ɗan littafi cikin aljihu da guntun alƙalami. Duk kalmar da ya ji da rana, da dare ya tambayi wani da ya yi lakwal, ya rubuta ta da baƙaƙen Hausa yadda kunnensa ya ji, ya sa ma'ana gabanta. Gardabu, tsaya cik. Rapo, sassauta. Dare na 3 ya ja ɗan'uwansa bayan ɗaki, ya haska cocila bisa littafin, ya ɗaura mishi zare ga hannun hagu. Shi na faɗi, wancan na juyawa. Kafin barci ya kama su, ɗan kokowa ya riƙe. Wanshekare bai ɓata ko sau ɗaya ba. Mari ya yi kwana 3 ya kasa. Takarda da zare dare guda sunka yi.

Da sunka zo hutu, ɗan kokowa ya zo gaishe ni. Na yi mishi magana daga hagunsa, bai waiwayo ba. Na sake. Sai ya juyo da kai duka ya ce: "Malam, yi magana ta nan. Wancan kunnen tun bariki ba ya ji sosai." Na ce: "Ka gaya ma lokotoro?" Ya ce: "Wa? Ni? A ce na kai ƙara?"

To, ku duba. Gomnati ta ɗauki yaro mai kunne 2, lokotoro ya duba ya sa hannu. Ta ciyar da shi, ta tufatar da shi da kuɗin lanhon da muke biya. Gobe a aza shi gadi da dare, mutum 30 su yi barci suna dogara da kunnensa, kunnen kuwa guda ya rage. Wa ya ci riba?

Akwai wani dattijo garinmu, tsohon soja, ina ganin girmansa ƙwarai. Da na yi maganar nan gabansa sai ya ce: "Ɗana, kai ba ka san wuta ba. Ran da ake ruwan harsashi ba a lallashi. Mu an buge mu, ga mu mun zama mutane." Na ce: "Baba, gaskiyarka, ban san wuta ba. Amma in tambaye ka. Ran da kunka shiga wutar, don tsoron marin sarjan ka tsaya, ko don na kusa da kai?" Ya yi shiru, ya daɗe. Sa'an nan ya ce akwai wani sarjan da sunka yi zama da shi, bai taɓa ɗaga hannu ga kowa ba, amma in ya ce ku tashi, ko cikin rijiya ne sai su bi shi. Bai ce na yi gaskiya ba, ni ma ban matsa ba. Ba a ka da babba gaban jama'a.

Ba lallashi nake roƙo ba. A yi tsawa, a yi horo. Wanda ya makara a ƙara mishi gudu. Wanda ya bar bindigarsa da ƙura a ƙara mishi gadi. Wanda ya yi sata a kulle shi. Soja na da dokokinsa a rubuce, kowane laifi da hukuncinsa. Amma rashin jin Faransanci ba laifi ba ne. Wanda bai sani ba, koya mishi ake. Ko sa na huɗa, in da bugu a fuska anka hore shi, ba ya tafiya layi madaidaici. Fizge-fizge zai dinga yi har ya karya garma. Kowane manomi ya san haka. Abin da ba ka yi ma sanka, don mi kake dariya in an yi ma ɗanka?

Tsoro, abin da yake koya ma mutum shi ne ɓoyo. Kurtun da ya san tambaya na jawo mari ba ya tambaya. An nuna yadda ake kwance bindiga a goge a maida, bai gane ba. A ce kun gane? Ya amsa da ƙarfi tare da saura. Zazzaɓi ya kama shi, ya ɓoye. Kansa na juyawa cikin rana, gumi ya ɗauke, ya ɓoye har ya faɗi, zafin rana kuwa na kisa. Harsashi ya maƙale, ya ɓoye, ya tsaya ƙoƙarin gyarawa shi kaɗai, bakin bindiga na kallon cikin ɗan'uwansa.

Ni ma na taɓa yin wautar nan, ba da hannu ba, da baki. Shekarata ta farko ce bayan na fito makarantar horon malamai, ina ji da kaina. Wani magidanci, sa'an babana, ya kasa bambanta b da d. Na daka mishi tsawa gaban ƙannensa. Ya aje allo a hankali, ya sa takalmansa, ya tafi. Bai sake dawowa ba. Har yau in mun gamu a kasuwa mukan gaisa, har yau kuma da yatsa yake dangwala takarda. Shi yana da ikon tashi ya tafi. Kurtu ba shi da wannan iko. Sai ya zamna da abin cikin ransa.

Ina sandar nan ta fito? Mayaƙan Damagaram da na Maraɗi na da, da harshen da sunka sha a nono ake ba su umurni. Bugun mutum don bai ji baƙon harshe ba, gadon Nasara ne. A 1857 wani gwamnan Faransa mai suna Fedarb ya kafa rundunar baƙar fata a Senegal, waɗanda ake ce ma tirayar, masu jar dara. Sunan Senegal sunka ɗauka, amma daga ko'ina ake kwaso su, har da ƙasarmu. Daga 1919 abin ya zama doka, shekara 3 tilas. Kumandan ya ce ma sarki kawo samari kaza. Sarki ba ya son ba da ɗansa, ɗan talaka da ɗan bawa yake turawa. Shi ya sa in labarin ɗaukar soja ya iso, samari su tsallaka iyaka su shige ƙasar Ingilishi. Wanda anka kamo da igiya, ai da sanda ake riƙe shi.

Nasara kuma bai damu su iya Faransanci na gaskiya ba. A 1916 anka buga wani ɗan littafi a Paris don hafsoshi, mai koya musu wani guntun Faransanci marar kai marar gindi da za su riƙa yi ma tirayar. Wato a ba su abin da zai isa su ji umurni, shi ke nan. Ran 1 ga Disamba 1944, a barikin Caroy kusa da Dakar, tirayar da Jamus ta tsare fursuna lokacin yaƙin duniya na 2 sunka nemi kuɗinsu da anka riƙe. Sojan Faransa ya buɗe musu wuta. Faransa ta ce mutum 35 sunka mutu, masana tarihi sun ce sun fi haka nesa. Rundunar da ta ɗauki kakanninmu haka, ita ta bar mana sandar.

Ƙetaren iyaka, Ingilishi sun bi wata hanya ta wajen harshe. Cikin rundunarsu ta Najeriya Hausa ce harshen bariki. Hafsa Bature shi ke zama ya koyi Hausa, har a yi mishi jarrabawa. Ba don ƙauna ba, don aiki ya tafi. Su ma ba waliyyai ba ne, bulala ta yi aiki can ma. Amma sun nuna ana iya koyar da aikin soja da Hausa, sama ba ta faɗo ba.

Yau fa? Rundunar Nijar tun 1961 take tsaye da ƙafafunta. Kafaral namu ne, sarjan namu ne, janar namu ne. A 2025 kuma babbar takardar da anka tsara ma ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki ne. To, don mi za a fasa kunnen yaro saboda gosh? Ban ce a zubar da kalmomin maci ba. Ba su da yawa. Cikin layi guda kuma akwai Bazabarme, akwai Bafillace, akwai Ba'abzine, akwai Babarbare, dole a sami kalma guda da kowa zai juya da ita. Abin da na ce, a fassara ma kowa da harshen da yake ji, sau ɗaya, sau 2, kafin a nemi laifinsa. Wannan ba ya cin ko dala.

Sa'an nan a koya mishi karatu. Nan ne maganar ta dawo gidana, na yarda. Kowa ya ce malam na tallan hajarsa ya faɗi gaskiya, amma ku tsaya ku duba hajar. Masu cewa soja ƙarfi ne kawai, sun taɓa kallon bindiga kusa? Kalashnikof da kuke gani, kowace da lambarta a jiki. Kurtu sai ya san tasa cikin 100. Gidan harsashinta 30 yake ci. Sai ya iya ƙirga abin da anka ba shi da abin da ya maido, a rubuta, ya sa hannu. Bisa bayanta akwai wani ɗan ƙarfe na saiti mai lambobi. 1 na nufin mita 100, 3 na nufin mita 300. Wanda bai san lamba ba, ƙaƙa zai daidaita? In an harbi ɗan'uwanka a cinya, ka ɗaure sama da ciwon tamau don jini ya tsaya, ana son ka rubuta ƙarfe nawa ka ɗaure don lokotoro ya sani. Ɗauri in ya daɗe ƙafa na iya mutuwa. In kun ɓace cikin daji, ko an kewaye ku, lambobin taswira za ka karanta cikin waya kafin taimako ya san inda kuke. Lamba guda in ta kauce, taimako ya tafi wani wuri.

Bar ma yaƙi. Takardar albashi fa? Wanda bai yi karatu ba bai san abin da anka yanke mishi ba. Salula fa? Kuɗin da zai aiko ma uwarsa, wani zai miƙa ma ya danna mishi. Galo fa? Ba a hawa sai da jarrabawa. Ku dubi Seyni Kunce, wanda ya riƙe ƙasar nan daga 1974 har rasuwarsa a 1987. Ɗan ƙauye ne, daga Fandu. Amma ya yi lakwal, ya yi makarantar ɗiyan soja a Kati ta ƙasar Mali, ya yi ta hafsoshi a Faransa. Tsararsa nawa sunka shiga soja da ƙarfi kaɗai, sunka fito yadda sunka shiga, sai ƙarin ciwon gwiwa?

Zamanin nan ba na wasa ba ne. Ran 10 ga Disamba 2019 anka kashe sojanmu 71 a Inates. Wata guda bayan haka, ran 9 ga Janairu 2020, anka kashe 89 a Shinagodar. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Ban ce mari ya kashe su ba, ban ce jahilci ya kashe su ba. Maƙiya sunka kashe su, suna tsaye bakin aikinsu. Abin da na ce, irin wurin da ake tura ɗiyanmu ke nan. Abokin gaba na zuwa bisa moto, yana binne nakiya cikin hanya, yana da waya a hannu. A 2020 ministan tsaro ya gaya ma majalisa ana son a ninka sojoji, daga 25,000 zuwa 50,000 cikin shekara 5. Yawa irin wannan daga ina yake fitowa in ba daga ƙauyuka ba? Watannin horo kaɗan ne. Kowace safiya da anka ɓata wajen tsallen kwaɗo saboda gosh, an rage ta daga koyon harbi, daga koyon gane hanyar da anka tona, daga koyon tsai da jini.

Akwai kuma wadda ta shafe ku kai tsaye, ku masu dariya gindin icce. Mari ba ya tsayawa inda anka yi shi. Kamar ruwa yake, gangare yake bi. Kafaral ya mari kurtu, kurtu ya haɗiye. Shekara ta kewayo, ya sami wanda ya fi shi rauni. Wane ne? Ko sabon kurtu, ko kai. Kai da ka taso daga kasuwa bisa amalanke, anka tsai da kai bakin shinge, anka tambaye ka katinka da Faransanci, ka tsaya kana kallo. Ranar ba ka dariya. Ka dawo gida kana cewa soja ba su da mutunci. Wa ya ce bugu ke yin soja? Kai ne.

Ba kowane soja ke haka ba, Allah ya sani. Na ga wanda ya sauko daga mota ya kama ma tsohuwa kayanta, na ga wanda ya raba ruwan gorarsa da makiyayi. Amma talakan da anka mara bakin shinge, gobe in ya ga baƙin mutane bisa moto sun kwana cikin kwari, zai taka ya je ya gaya ma wanda ya mare shi? Soja kuwa in ba shi da idon talaka makaho ne cikin daji, komi kyan bindigarsa.

Yanzu ku iyaye. Wani wajen kun fi kafaral laifi. Yaro ya gagare ka, yana shan ƙwaya, yana ɗauke-ɗauke, ka ce a kai shi soja. Bariki ba gidan mari ba ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kai ka bari ya bushe, sa'an nan kana son gomnati ta damƙa mishi bindiga mai harsashi 30. Wanda kuma ke da hankali, mai son aikin da zuciya guda, ka hana shi aji. Ran tafiya ka yi mishi guzurin ƙuliƙuli da laya da addu'a. Madalla da addu'a. Amma baƙaƙe ba su da yawa, rani guda ya ishi mai himma ya fara haɗa su. Rani nawa ya wuce yaronka na zamne bakin kasuwa yana kallon motoci?

Ga manyan soja kuwa, da ladabi nake magana, don ƙaramin ma'aikaci ne ni. Roƙona sa'a guda ce da maraice cikin watannin horo, da allo da alli. Cikin kowane ɗaki akwai wanda ya yi lakwal, akwai irin ɗalibina mai littafi cikin aljihu. Malaman yaƙi da jahilci muna nan Maraɗi, muna nan Damagaram, muna nan Tawa da Doso da Yamai. A kira mu. Kafaral da zai hori kurtu kuma, shi ma a koya mishi koyarwa. Iya harbi daban, iya koya ma wani harbi daban. Ni da anka zaunar makaranta anka koya mini koyarwa, na kori dattijo da bakina. Ina ga wanda ba a taɓa koya ma ba, anka ba shi mutum 30 anka ce gyara su? A buɗe ƙofa kuma, inda kurtun da anka ji ma ciwo zai ga lokotoro ba tare da an ce ya kai ƙara ba.

Ɗan kokowa ya koma bakin aiki. Kafin ya tafi ya zo ajin dare sau 6 cikin hutunsa. Can baya ya zamna, ya karkato da kunnen dama wajen allo. Ya kai ga rubuta sunansa da lambarsa. Na ba shi littafin farko ya sa cikin jaka, ɗan'uwansa zai ci gaba da shi can. Ubansa bai ce mini komi ba, amma ƙanen yaron, mai shekara 17, yanzu yana zuwa. Ajinmu na buɗewa bayan lisha, zauren mai gari, ran Litinin da Laraba da Asabar. Alli akwai, allo akwai. Mai zuwa ya riƙo tabarmarsa, tamu ta yi kaɗan.